A Bolga Sai Dare Ya Yi Ake Kama Kaza

Kowace hanya da irin kayanta. Wadda ta tashi daga Kumasi ta bi ta Taciman da Kintampo, ta haye gadar Buipe da ta Yapei ta shiga Tamale, sannan ta zarce Bolgatanga, in mutum ya zauna bakinta yini guda zai ga abin da kudu ke aika wa arewa da abin da arewa ke mayarwa. Motoci masu hawa suna ɗauke da siminti da kwanon rufi da katako da ayaba. Masu gangarowa kuwa shanu ne da tumaki, da doya, da albasar Bawku, da tumatir daga Burkina Faso. Can bisa ƙololuwar kaya kuma sai ka hangi manyan kwanduna an tamke su da igiya, kawunan kaji da zabi suna leƙowa ta tsakanin saƙa. Yawancin zabin da muke ci a Aboabo da Nima da Sabon Zango ta nan suka biyo. Mu dai a kasuwa muke ganinsu, mu taɓa ƙirji, mu yi ciniki, mu ce sun yi tsada. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar yadda aka kamo su, balle nawa suka mutu kafin a iso.

Abin da ya kai ni Bolga ke nan bayan ɗaukewar ruwa, gab da shigowar hunturu, ina biye da wani abokina ɗan Zango wanda ya daɗe yana fataucin kaji da zabi tsakanin arewa da Kumasi. Tafiyar ba kusa ba ce. Daga Kumasi zuwa Tamale wajen kilomita 380 ne, daga Tamale zuwa Bolga kuma kamar 160. Da an wuce Kintampo sai kurmi ya ƙare, ƙasa ta buɗe, kaɗanya da ɗorawa da kuka su karɓi fili. Bayan Tamale aka bi ta Savelugu, aka wuce Pong-Tamale inda makarantar ma'aikatan dabbobi da ɗakin binciken cututtukansu suke, sai Walewale, sai gadar Pwalugu. Da duwatsun Tongo suka bayyana daga hannun dama, abokina ya ce in gyara zama, mun zo.

Bolga ita ce hedkwatar yankin da ke can kusurwar arewa maso gabas, wanda aka yanke ya tsaya da ƙafarsa a 1983. Masu gari su ne waɗanda muke kira Farafara, kuma daga gaisuwarsu ta sannu da aiki sunan ya samo asali. Kasuwarsu kowane kwana 3 take ci, don haka ba ta da tsayayyar rana a mako, sai ka tambaya. Baƙi daga waje kwandunan saƙa suke zuwa saye, da kayan fata, da fugu. Akwai Zango a garin, kuma mai jin Hausa ba zai ɓata ba, domin a kasuwa da tasha ana ciniki da ita. Amma mu ba mu tsaya ba. Jajiberin kasuwa muka iso, abokina kuwa ya ce wanda ke son ganin kaza da mutuncinta sai ya je gidan da ta kwana. Muka hau babur muka nufi wani ƙauye ta hanyar Bongo, ƙasar duwatsu da manyan kukoki.

Gidajen ƙasar nan ba a cunkushe suke wuri guda kamar namu ba. Kowane gida yana tsakiyar gonarsa, da ɗakuna kewayayyu na laka waɗanda katanga ta haɗe su, da soro mai shimfiɗaɗɗen rufi inda ake shanya hatsi, ake kuma kwana in zafi ya yi yawa. In ka shiga ƙofa, farfajiyar dabbobi za ka fara tararwa, da rumbu a ciki. A jikin katangar nan aka gina akurkin kaji, shi ma na laka, da 'yar ƙofa wadda ake toshewa da dutse ko katanga ta fasasshiyar tukunya. Mai gidan da ya sauke mu dattijo ne, ya yi shekaru yana gadi a Kumasi, Hausarsa irin ta tsofaffin sojoji ce. Aka kawo mana ruwan garin gero a ƙwarya, wanda suke kira zom-kom, muka sha, aka gaisa aka sake gaisawa.

A gidan nan kaza ba abin marmari ba ce, ajiya ce. Ita ce kuɗin makaranta in an koro yaro, ita ce kuɗin magani, ita ce sabunta katin asibiti. Da ita ake karɓar baƙo, da zabi ake zuwa gaishe da surukai, masu bin addinin gargajiya kuma da ita suke zuwa wurin tsafinsu. Mai saniya ɗaya ba zai sayar da ita don ciwon kai ba, amma zai sayar da zakara. Saboda haka in kaza ta karye a ƙafa, ko ta firgita ta daina ƙwai, asara ce da za a ji a tukunya.

Dattijon ya yi alkawarin sayar wa abokina kaji 4 da zabi 6. Rana na nan da sauranta, kajin kuma ga su nan suna tono a gindin rumbu, sai na tambaye shi ko ba za a kira yara su kamo su ba tun da sauran haske. Ya yi dariya ya ce, "Malam, zauna ka sha ruwa. Kaza ba ta gudu da dare."

Da rana ta yi ja, sai ya miƙe ya ɗebo tsabar dawa a 'yar ƙwarya, ya tsaya inda ya saba tsayawa, ya yi wani irin kira da harshe. Kafin ka ce me, kaji sun fito daga gona da bayan ɗakuna, zabi ma suka taho a ayari suna ta surutu. Bai watsa da yawa ba, ɗan abin da zai tara su ne kawai. Yana watsawa yana dubawa: wace ce ba ta zo ba, wace ce ke ɗingishi, wace ce ta takure ba ta ci. Kullum haka yake yi safe da yamma, a wuri ɗaya, da kira ɗaya. Da safe kuma akwai ƙari. Tun da yamma yakan cusa busasshen kashin shanu da karan dawa da totuwar masara a tsohuwar tukunya, ya ɗan yayyafa ruwa, ya kife ta a kan hanyar gara. Kafin gari ya waye gara ta cika ta, sai ya zo ya zazzage wa 'yan tsaki. Kazar da ta tashi tana cin gara daga hannun mutum, ba ta ɗaukarsa dodo. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka. Gaskiya ne, amma yana hana gudu.

Duhu na shiga kajin suka shige akurki da kansu ɗaya bayan ɗaya, wani yaro ya toshe ƙofa. Muka ci tuwon zafi da miyar ganye, aka yi hira har taurari suka fito sosai. Sannan dattijon ya ɗauki tocila, ya rufe bakinta da yatsunsa har hasken ya koma ja-ja, ya ce wa jikokinsa kada wanda ya yi magana. Ya durƙusa ya janye dutsen, ya zura hannuwa biyu a hankali. Ban ji komai ba sai ɗan gunaguni irin na mai barci da aka juya. Sai ga shi ya fito da kaza, tafukansa biyu sun lulluɓe fukafukanta sun manne su da jikinta. Ya ɗaga ta ya sa a hammatarsa, hannu guda ya tallafi ƙirjinta daga ƙasa, yatsa ɗaya tsakanin ƙafafunta, sauran sun riƙe su. Ya shafa bayanta sau biyu, ya sa ta cikin kwandon da aka shimfiɗa wa ciyawa, da ƙafafunta ya fara ajiyewa, aka rufa tsohon zane. Haka ya yi har sau 4. Sauran kajin da ke ciki ko motsi ba su yi ba, kuma ko gashi ɗaya bai faɗi ƙasa ba.

Ba sihiri ba ne, mai karatu, halittar kaza ce haka. Idanunta a gefen kai suke, tana ganin kusan duk kewayenta ba tare da ta juya ba, shi ya sa da rana ba ka isa ka lallaɓo ta baya ba. Amma idon nan na rana ne. Da duhu ya yi ba ta gani sosai, sai ta lafe inda take. Kuma duk abin da ya faɗo mata daga sama da sauri, a wurinta shaho ne ko shirwa. Tana ma da kuka daban na abin da ya taho ta sama, da wani daban na abin da ya biyo ƙasa kamar muzuru ko maciji, kuma in ɗaya ta yi, duk garken ya ji. To kai da ka sunkuyo mata da hannuwa a buɗe kana ihu, ka san ko wane ne kai a idonta.

Zabi kuwa sai da aka yi dabara. Zabo ɗan daji ne da ya yarda ya zauna kusa da mutane, bai yarda ya zama na gida ba. A ƙasar nan da damina zabuwa ke ƙwai, takan ɓoye su cikin ciyawa, kuma ba ta da haƙurin reno. Don haka manoma sukan kwashe ƙwan su sa wa kaza mai kwanci. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabuwa kuwa sai ya kai 26 zuwa 28, kazar takan yi haƙuri ta zauna. Amfanin haka biyu ne: tana kare su daga raɓa da sanyi, waɗanda ke kashe 'yan tsakin zabi da yawa a makonnin farko, tana kuma koya musu hanyar akurki. Waɗanda ba su sami wannan tarbiyya ba, a kan bishiya suke kwana, kama su kuwa sai da hawan bishiya cikin dare ko harbi da danƙo. Dattijon namu ya yi kwanaki yana jawo nasa cikin wani ɗaki da ba kowa, yana zuba tsaba daga bakin ƙofa zuwa ciki, kowace rana ya ƙara matsawa. Ranar nan da suka shiga sai aka ja ƙyaure. Da dare ya shiga shi kaɗai, ya riƙa jefa musu buhu yana danne jiki gaba ɗaya. Ya gargaɗe ni cewa ba a cafko zabo a ƙafa, domin yana fizga da ƙarfi, ƙafar takan goce ko ta karye. In kuma ka kama gashi, gashin zai bar maka ya tafi. Zabon da ya zo kasuwa da baya a fige, kowane dillali zai rage masa kuɗi.

Yanzu mu dubi namu. Wanene a Zango bai san ranar da baƙo ya sauka, ko jajiberin Salla, uwar gida ta ce wa yara su kamo jan zakaran nan ba? Yara 5 ko 6 su tashi da sanduna da duwatsu, a bi shi lungu-lungu, ya faɗa kwata ya fito, ya haye rufin maƙwabta, a kifar da kokon wata baiwar Allah, har a yi cacar baki tsakanin gida biyu. Daga ƙarshe wani ya faɗa kansa, a kawo shi yana haki, baki buɗe. Yara kam sun ji daɗi. Amma zafin jikin kaza ko tana zaune lafiya wajen digiri 41 ne, ba ta kuma yin gumi, galibi da haki take rage zafi. In aka bi ta da gudu cikin rana, tana iya faɗuwa ta mutu kafin wuƙa ta zo, ta zama mushe. In ba ta mutu ba, in an fige sai ka ga jini ya kwanta a fiffike da cinya, naman ya yi baƙi a wurin. Sauran kajin da suka ga abin da ya faru kuma sukan yi kwanaki ba su yarda da kowa ba, mai ƙwai tana iya tsayawa, wata ma ta ƙaurace wa akurki ta koma kwana a waje inda ɓarawo da muzuru ke jira. Alhali da uwar gida ta yanke shawara tun daren jiya, da hannu ɗaya za ta ɗauko shi ta kife shi da kwando. In baƙon na ba-zata ne, ai dabarar da muka yi muna yara tana nan: a tokare kwando da sanda, a ɗaura igiya, a zuba tsaba a ƙarƙashi, a koma gefe a jira. Ko a tura shi lungu a hankali, mutum biyu da tabarma, ba gudu ba ihu.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa na je na ga mutanen da ba su da laifi. Abin da na gani a kan hanyar kasuwa da safe ya rage mini murna. Dattijonmu a kwando ya kawo nasa, amma da yawa ba haka suka yi ba. Kekuna da babura da motokin suka riƙa wuce mu, an ɗaure kaji biyar-biyar a ƙafa da igiyar roba an rataye a ƙahon keke, kai ƙasa, wasu bakinsu na dukan taya. Wasu an harɗe musu fukafukai ta baya kamar ɓarawon da aka kama. Mutumin da ya lallaɓa kazarsa shekara guda, shi ne zai rataye ta haka na tafiyar awa biyu, in ka yi magana ya ce ai ga ta nan shiru, ba abin da ya dame ta.

Wannan shirun shi ne ke ruɗin mutane, a can da nan. Mu 'yan Adam da dabbobi irin su akuya muna da wani tantani mai ƙarfi da ya raba ƙirji da ciki. Kaza ba ta da shi. Numfashinta da wasu jakunkunan iska take yi, guda 9, waɗanda ke buɗewa da rufewa in ƙashin ƙirji ya motsa. In ka juya ta kai ƙasa, hanji da ƙundu da hanta duk sai su zubo su danne mata wurin numfashi, abin da ta ci kuma yana iya dawowa ya shaƙe ta. Haka in ka matse ƙirjinta da ƙarfi, ko ka jibga wata a kanta. Sandarewar da take yi in an kwantar da ita rigingine ko an rataye ta, wadda yara ke wasa da ita suna cewa sun sa kaza barci, iyakar tsoro ce, irin ta abin da ya ga ba mafita ya yi kamar ya mutu. Ɗaukarta da ƙafa ɗaya ko fiffike ɗaya kuwa, nan ne ake samun targaɗe da gocewar ƙashi, musamman ga mai nauyi.

Wurin 'yan kaji a kasuwar Bolga tun da sassafe yake cika. Masu kawowa daga ƙauye kan tsaya da ɗaya ko biyu a hannu, dillalai kan tare su tun daga bakin hanya, su kuma su sayar wa masu lodi zuwa kudu da masu gashi a cikin gari. Na tsaya kusa da abokina ina kallon yadda yake saye. Da an miƙo masa kaza a rataye, abin da yake fara yi shi ne ya juyo da ita daidai, ya kwance robar, ya ɗora ta a kan hannunsa ta ɗan huta. Sannan ya taɓa ƙashin ƙirji ya ji ko akwai nama, ya duba ido da hanci ko suna ruwa, ya kalli zanko ko ya yi fari ko baƙi, ya ɗaga wutsiya ya ga ko kashi ya manne, ya hura gashin ƙarƙashin fiffike ya nemi ƙwarƙwata. Wadda ƙafarta ta kumbura ta yi sanyi saboda ɗauri, ba ya saye ko an sauke masa kuɗi, domin ya ce ba za ta iya tsayawa a kwando ba, sauran za su tattake ta kafin Tamale. In dole sai an ɗaure, da tsumma mai faɗi yake ɗaurewa, sako-sako. Ban ji ya kawo zancen tausayi ba ko sau ɗaya. Lissafi yake yi. Kowace kaza da ta mutu a hanya takan cinye ribar 'yan'uwanta da dama.

Lodinsa ma da ƙa'ida. Ba ya haɗa zabi da kaji a kwando ɗaya, ba ya haɗa manyan zakaru da ba su san juna ba, kuma yakan bar wurin da kowace za ta iya kwanciya. Kafin a ɗaure kwandunan ya ba su ruwa, ya rufa ganye a sama. Da rana ba ya tafiya. A watannin Maris da Afrilu zafin ƙasar nan kan haura digiri 40, kwandon da ke saman mota a tsaye a shingen 'yan sanda ko na kwastan da tsakar rana, tanda ne. Saboda haka motar yamma yake nema, ya iso Kumasi da asuba.

Akwai wani dalilin da ya sa iya kamu ya wuce maganar nama da farashi. Kowace shekara in hunturu ya kama, annobar nan da likitocin dabbobi ke kira Niyukasal, da sunan garin Ingila inda ta ɓulla a 1926, takan bi ƙauyuka ta share kaji. Kowa ya san alamarta: koren zawo, da numfashi da ƙyar, da wuya ya murɗe kaza ta riƙa juyi. Ba ta da magani in ta kama, amma tana da rigakafi. Akwai wani iri da ake kira I-2, wanda aka samar a Ostareliya don ƙauyukan da ba su da firji, yana jure zafi fiye da sauran. Ɗigo ɗaya ake sa wa a ido, a maimaita bayan wata 3 ko 4. To amma kafin a ɗiga sai an riƙe kowace kaza ɗaya bayan ɗaya. In mai rigakafi ya zo gidan da aka bar kaji a akurki tun dare, cikin ɗan lokaci ya gama. In ya zo gidan da kaji ke kwana a kan mangwaro, ko ya wuce, ko a yini ana tsere a kama rabi. Kuma kasuwa ce babbar hanyar cutar, domin wanda ya ga kajinsa sun fara mutuwa yakan yi maza ya kai sauran ya sayar. Dattijon Bongo ya ce duk kazar da ta je kasuwa ba a saye ta ba, ko wadda aka ba shi kyauta, sai ta yi mako biyu ita kaɗai a bayan gida kafin ta haɗu da sauran. Mu da muka ga murar tsuntsaye a ƙasar nan a 2007 da 2015 da 2021, ya kamata mu ƙara da wanke hannu da sabulu bayan kamu, kada kuma a bar yara su yi wasa da wadda ta mutu haka kawai.

Na san wani zai ce, yau wa ke wahala da kazar gida, ga cinyoyi da fukafukai a shagon ƙanƙara? Lalle mafi yawan naman kajin da ake ci a Gana daga waje yake shigowa ta Tema, daga Turai da Amurka da Barazil. A 2003 majalisa ta ƙara harajin shigo da shi daga kashi 20 zuwa 40 cikin 100, ba a daɗe ba aka janye. A 2025 gwamnati ta ƙaddamar da shirin Nkoko Nkitinkiti don raba kaji ga gidaje su yi kiwo. Shiri ne mai kyau in ya ɗore, sai dai a gidan haya mai ɗaki 12 da tsakar gida ɗaya, kazar da ba ta da wurin kwana kuma ba ta san kiran mai ita ba, rigima za ta zama. Ranar suna kuwa, ko in mai jego na son farfesu, har yanzu ba mai kawo mata ta ƙanƙara. Kuma malamanmu sun sha faɗa cewa a kyautata wa abin yanka, a wasa wuƙa tun kafin a kawo shi, kada a yanka ɗaya a gaban ɗaya. Ina ganin wannan kyautatawar ba a bakin wuƙa ta fara ba, tun daga kamu ne.

Da yake motarmu sai yamma, muka ɗan zaga Paga, wajen kilomita 40 daga Bolga ta Navrongo, dab da iyaka. Nan ne tafkin kadojin nan da mutanen garin ke girmamawa, ba sa kashe su, baƙi kuma kan zo su ɗauki hoto suna riƙe da wutsiya. Da kukan kaza ake kiran kada ya fito, kuma da ita ake sallamarsa, da ranta. Mai yi wa baƙi jagora ya riƙe ta a ƙafa yana kaɗawa don ta yi ƙara. A duk tafiyar nan, nan ne kawai na ga inda ake son kaza ta firgita, don firgitar ce ake saye. Ban tsaya ganin ƙarshe ba.

A bakin iyaka muka tarar da masu kekuna suna shigowa daga wajen Burkina Faso da kwandunan zabi a baya. Wanda ke sauraron rediyo zai tuna da hukumar raya arewa ta SADA, wadda ta zuba kuɗi masu yawa a shirin kiwon zabi a 2012, da aka zo dubawa ba a ga zabin da suka kai kuɗin ba, har maganar ta zama abin ba'a a ƙasa cewa sun tashi ne sun tafi Burkina. Na tuna wa abokina wannan. Ya dubi kwandunan ya ce in haka ne, to ga su nan suna dawowa a bayan keke. Sannan ya tsayar da wani mai keke, ya buɗe kwandonsa, ya zura hannuwa biyu ya fara taɓa ƙirji.